Kunyar da Na Tsallake

Aikina tuƙa kwalekwale mai inji a Binuwai. Ba gadonsa na yi ba. A garinmu, can arewa gindin duwatsu, hatsi nake sayarwa, kuma ruwan da na sani bai wuce rafin da ke ƙafewa da rani ba. Gudu ne ya kawo ni Yola, yunwa ta kai ni bakin kogi a Jimeta. Na fara da lodin yashi. Daga baya mai jirgin ya ga ba na surutu, ba na kuma jin jiri, ya miƙa mini hannun inji.

Sai na faɗi yadda na shigo Yola, in ba haka ba sauran ba zai fahimtu ba.

Ranar da masu bindiga suka shiga garinmu, maza suke nema. A hanya ma maza suke tsayarwa. Matata ta kwance ƙullin kayanta a bayan wata gonar dawa, ta ciro zane da hijabi, ta ce in sa. Na ce ba zan sa ba. Ta ce to in tsaya a yanka ni gaban 'ya'yana. Na sa. Ta aske mini gemu da reza, ba ruwa ba sabulu, ta goya mini ƙaramar 'yarmu don kada a kalli faɗin kafaɗata. Haka muka wuce su. Kayana na bar su a gonar. Motar da ta kwashe mu a cike take, babu inda mutum zai motsa balle ya sake tufa. A haka muka sauka a unguwar Bako cikin Yola, ƙofar gidan mahaifinta.

Surukina Bafulatani ne na tsohon garin Yola. Kafin wannan rana ban taɓa cin abinci gabansa ba, ban taɓa kiran sunansa ba. In na hango shi nakan cire takalmi tun daga nesa in durƙusa. Shi ya buɗe ƙofa. Ya ga 'yarsa, ya ga jikokinsa, ya ga wata doguwar mace da goyo da manyan ƙafafu masu faso. Ya dube ni daga ƙasa zuwa sama. Na ga lokacin da ya gane ni. Ya juya ya shige. Can aka aiko mini da riga da wando nasa. Wandon a ƙwauri ya tsaya mini.

Na zauna a gidan har na samu ɗaki a Jimeta. Duk zaman nan, in yana zaure ina bayan gida, in ya shigo na fita. Da muka tashi ban sake taka Bako ba. Matata takan je da yara. In ta dawo ta ce, "Baba yana gaishe ka," sai in ce ina amsawa. Da Salla gaisuwata a bakinta take tafiya. Na ga gawa a hanya, na kwana da yunwa, duk na shanye. Wannan kallon ne ya ƙi wucewa.

Tsohon yana da gonar rani a bakin kogi, ta gefen Yola. Akwai ɓaure babba a wurin, da 'yar rumfa, da injin ban ruwa a gindin gaɓa. Na gano ta tun ina dakon yashi. Daga ranar, in na zo daidai ɓauren sai in riƙe ɗaya gefen kogin. Binuwai tana da faɗi. Shekaru muka yi a haka.

Bayan wata shekara da ruwa ya ci gidaje, wasu mutane suka zo auna zurfin kogin. Suna son su san inda ya cike da yashi da inda yake haƙa. Suka nemi direba, mai jirginmu ya ba da ni, ya sa wani a gurbina na yashi. Su biyu ne a jirgi. Shugabar mace ce, injiniya, 'yar kudancin jihar nan, Kirista, gajeriya mai gilashi. Ɗayan wani dogo ne ɗan unguwar Karewa, shi ke kula da na'urar, bakinsa ba ya hutawa. Shi ya laƙaba mini Kyaftin, ya bi ni.

Na'urar sanda ce ta ƙarfe da aka ɗaure a gefen jirgi, kanta cikin ruwa. Suka ce ƙara take turawa ƙasa, ƙarar ta dawo, da haka ake sanin zurfi. Ni ban taɓa jin ƙarar ba. A gabana suka kafa wani ɗan allo mai haske, da zane-zanen layi, da wani ɗan jirgi a kai wanda shi ne mu.

Ranar farko injiniyar ta ce, "Kyaftin, ka taɓa noma?"

Na ce na taɓa.

"To kogin nan gona ne. Kunya-kunya za mu bi shi, daga wannan gaɓa zuwa wancan. Kai dai ka riƙe jirgi a kan layi. Ba karatu a ciki."

Na ji daɗin wannan, don boko ban yi ba. Hausarta irin ta Jimeta ce, namiji da mace duk "shi" ne, kuma a bakinta kunyar gona da kunyar ido iri ɗaya suke fita. Dogon ya kama wannan ya riƙe. Kullum da safe sai ya ce, "Madam, yau kunya nawa za mu ji?" Ta ce masa, "Kai ba ka da ko ɗaya, ka haɗa waya."

Ba ita ke zana layukan ba, kwamfutarta ce. Ta bayyana mini da na tambaya. Ana gaya wa kwamfutar faɗin kogi, da ƙarfin ruwa, da man da ke tanki, da inda tsibiran yashi suke. Sai ta gwada hanyoyi a cikinta, da yawan da mutum ba zai iya gwadawa ba, ta yi ta zubar da masu cin mai da masu ɓata lokaci, har ta tsaya kan wadda ta fi. Sharaɗinta biyu: kada a bi wuri sau biyu, kada a bar wuri.

Da farko na raina ta. Takan sa mu bi kunya ɗaya, mu tsallake ta kusa da ita, mu kama ta gaba, sai can mu dawo wa wadda muka bari. Na ce wane manomi ke haka. Ashe kwanar jirgin ta lissafa. Jirgi ba ya juyawa a matse sai an rage wuta an ja da baya, amma in an tsallake kunya sai ya zagayo da gudunsa. Da yamma na leƙa tanki na ga mai ya ragu fiye da yadda na saba bari. Abin ya fi ni lissafi, ban musa ba.

Duk inda muka bi, allon yakan yi launi. Shuɗi zurfi, ja ba zurfi. Inda ba mu bi ba fari. Kullum in an tashi aiki kwamfutar takan duba farin da ya rage ta sake tsara hanyar gobe. Ina son kallon yadda kogin ke cika da launi. Ban taɓa tunanin inda yake kai ni ba, sai da na hango ɓauren.

Layukan wurin sun miƙe har gindin gaɓar tsohon. Yana tsaye can cikin kuɓewarsa da malafa a ka, ya ranƙwafa fiye da yadda na san shi. Hannuna ne ya yi aikin kafin kaina. Tun da sauran tazara na karya kwana. Na biyun ma haka. Duk kunyoyin da suka ƙare a gonarsa na yanke musu kai. A allon sai ga wani fari a bakin gaɓa kamar giɓi a bakin tsohuwa.

Injiniyar ta ɗago. "Kyaftin, ka bar kunya a baya."

Dogon ya fashe da dariya. "Ai tun a gida ya baro shi, Madam."

Na ce, "Wurin ba zurfi. Farfela za ta ci yashi."

Ta dubi ruwan, ta dube ni. Ni ne direba, ta yarda. Ta danna wani abu a kwamfutar, muka ci gaba. Na ɗauka magana ta ƙare.

Washegari ta juyo mini da allon tun muna bakin gadar Jimeta, inda muke tashi. Ta ce ta gaya wa kwamfutar abin da na ce, cewa jirgin inji ba zai shiga wurin ba. Kwamfutar ta karɓa. Sai ta ware wannan farin ta ba ƙaramin kwalekwale na hannu, wanda ake turawa da gora a hankali, ta kuma sa shi gobe da sassafe lokacin da ruwa ke kwance. Sassafe ne tsohon yake ban ruwa. Da na bi layin jiya da inji, da na wuce shi da gudu, kaina a sunkuye. Yanzu a tsaye zan bi gindin gonarsa, taku-taku, in je in dawo.

Na ce, "Ba za a bar wurin ba? Ɗan kaɗan ne."

"Ba ya barin wuri. In na share shi yau, gobe zai dawo da shi. Kuma masu aikin ba za su karɓi taswira da rami ba."

"A samo wani ya tura."

"In na samo wani, shi zai ci gaba da tuƙi har mu gama. Ba ni da wurin direba biyu. Akwai matsala ne?"

Na ce babu.

Gurbina na yashi ya riga ya tafi. In na bar wannan aikin, gida zan zauna. Da magariba matata ta ajiye mini tuwo na kasa ci. Ta tsaya a kaina har na faɗa mata. Ban taɓa yi mata maganar ranar nan ba tun da aka yi ta.

Ta ce, "Zanen nawa ne. Ni na ɗaura maka. In akwai abin kunya ai ni ya kamata in ɓuya."

"Ke ba ke ya kalla ba."

"To ka je ka gaya wa kwamfutar surukinka ne, ko za ta ji nauyinsa."

Ban yi dariya ba. Ta ɗauke kwanon ta rufe, ta ce yana nan in na gama fushi da shi.

Da safe na je. Na sa rigar ruwan da suke tilasta mana, mai ruwan lemo, wadda ake hangowa daga wancan ƙetare. Na ɗauko wani tsohon ƙyalle na naɗe kaina da fuskata, ido kawai na bari. Muka ja ƙaramin kwalekwalen a bayan babban har kusa da wurin, muka mayar da na'urar kansa. Dogon ya dube ni ya riƙe baki.

"A'a! Yau Kyaftin lulluɓi ya yi? Sannu Hajiya, ina maigidan?"

Wasa yake, bai san komai ba. Amma ji na yi kamar an kwance mini wando a kasuwa. Wato zan sake zuwa gaban mutumin nan a rufe kamar mace. Na warware ƙyallen na jefa cikin jirgi. Dogon ya ga fuskata, bai ƙara ba.

Muka shiga layin farko. Na soka gora ta taɓa ƙasa. Na sake sokawa ta taɓa. Da muka matso gindin gaɓa na soka, gorar ta tafi duka har hannuna ya shiga ruwa, ba ƙasa. Saura kaɗan in bi ta. Na ajiye na ɗauki filafili. Allon yana ta yin shuɗi, shuɗin yana ƙara duhu, irin wanda ba mu gani ba ko a tsakiyar kogi.

Injiniyar ta cire gilashinta. A hankali ta ce, "Wannan ne ba zurfi?"

Na ci gaba da jan filafili.

Ta sa muka bi sauran layukan. Duk haka. Ruwan ya bar tsakiya ya dawo yana haƙa ƙarƙashin gaɓar, ya yi mata kogo. Daga sama ƙasa ce lafiyayya da kuɓewa a kai. Injin ban ruwan da rumfar duk a kan kogon suke zaune.

Duk wannan lokaci tsohon yana sama da mu. Ban ɗaga kai ba, amma ina ganin ƙafafunsa da bakin tiyo. Da muka zo daidai shi sai ƙafafun suka juya. Ya ba mu baya.

Injiniyar ta ce dole a gaya masa. Ta ɗaga murya: "Baba, sannu da aiki! Baba, wurin nan ba kyau, ruwa ya ci ƙasansa!"

Ya amsa da Fulatanci, bai juyo ba. Ya ce ba ya jin Hausa.

Mutumin nan da Hausa yake sayar da kuɓewarsa a kasuwa. Da Hausa ya karɓi gaisuwar iyayena ranar da suka je neman aure.

Ta dubi dogon. Ya ce shi daga gaisuwa sai zagi ya iya. Ta dube ni. "Kyaftin, kana ji?"

Ina ji. Na cire takalmina a cikin kwalekwale. Na durƙusa, jirgin yana rawa. Na gaishe shi yadda ake gaida suruki, na tambayi gida, na tambayi jiki, na tambayi aiki. Muryata ta fito kamar ba tawa ba. Ya amsa kowace gaisuwa, ɗaya bayan ɗaya, bai gajarta ko ɗaya ba, fuskarsa tana wajen gona. Sannan na faɗa masa abin da na'urar ta gani.

Ya ce, "Ka gaya wa baƙuwar na gode. Na ga ƙasar tana tsagewa ta wajen ɓaure, na ɗauka rana ce."

Na faɗa mata.

Ya ce, "Ka gaya mata kuma, akwai wani mai jirgi da ke bin wancan gefen shekara da shekaru. Na san ƙarar injinsa. In ya zo daidai nan yakan ƙara wuta. Ka gaya mata ni ban aiki kowa ya kore shi daga wannan gefen ba."

Na kalli ruwa.

"Ka gaya mata injin nan ya fi ƙarfina. 'Ya'yana maza suna nesa."

Injiniyar ta ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce a taya shi ɗauke inji."

"Duk wannan dogon magana?"

"Fulatanci ne."

Muka zagaya inda gaɓar ta yi sauƙi muka hau. Ni da dogon muka kwance tiyo, muka ɗauki injin, muka kai shi can baya inda ta nuna. Muka tuge sandunan rumfar muka sake kafawa. Tsohon yana gefe yana nuna wuri da sandarsa, yana magana da dogon da hannu. Ni bai ce mini yi kaza ba. Ni ma ban bar idona ya wuce gwiwarsa ba. Da muka gama ya tsinko kuɓewa da yakuwa ya cika malafarsa, ya juye a cikin ƙyallen nan nawa da dogon ya miƙa masa. Ya ƙulle ya ajiye a ƙasa tsakaninmu. Ya ce a kai wa yara.

Zane bai ambata ba. Wandonsa ma bai tambaya ba, yana nan a ƙasan akwatina.

A hanyar komawa injiniyar tana ta danne-danne a kwamfutarta. Sai da muka kusa gada ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ka san tsohon nan."

"Uban matata ne."

Ta gyaɗa kai. "Ban tambaye ka abin da ke tsakaninku ba. Amma gobe in akwai wurin da ba ka so, ka ce ba ka so. Kada ka ce ba zurfi. Da na bar maganarka a taswira, da har yanzu yana tsaye a kan rami."

Na ce to. Ta girme ni a ilimi, na girme ta a shekaru, kuma gaskiya ta faɗa. Wannan kunyar ta zauna mini kusa da waccan ta ƙofar gidan surukina. Ba ta kore ni ba. Na tuƙa su har suka gama, ban sake yanke layi ba.

Da na kai kuɓewar gida matata ta kwance ƙullin, ta gane ta tun kafin in yi magana. Ta ce, "Ya gan ka?"

Na ce, "Ya ba ni baya."

"To me kake so ya ba ka? Surukinka ne."

Da ruwa ya dawo gaɓar ta zube, ta tafi da ɓauren. Tsohon ya ja gonarsa baya, yana nan yana nomansa. Na koma dakon yashi wurin wani mai jirgin. Yanzu ta gefensa nake bi. In na zo daidai rumfar nakan kashe inji, in cire takalmi, in gaishe shi, ruwa yana jana a hankali. Yakan amsa yana kallon kuɓewa. Wani lokaci akwai ƙulli a bakin gaɓa, in ɗauka.

Bako kam har yau ban shiga ba. A ruwa ina iyawa. Ƙofar nan ce ban iya tsayawa gabanta ba tukuna. Matata ta ce in ya mutu ai dole in shiga, gara in shiga yana da rai. Na wanke wandon, na ba ta ta goge. Yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, inda nake ganinsa kullum in zan fita.